Nonon Uwa a Cikin Firiza

Rabin rayuwata na yi shi ina auna maiƙo. In na faɗa wa mutane haka sai su ɗauka wasa nake. A layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi, inda nake zaune tun ina amarya, Dakta ake kirana, kuma sau da yawa an buga mana ƙofa da yaro mai zazzaɓi a kafaɗa. Sai in fito in ba da haƙuri, in ce ni ba likitar asibiti ba ce, malamar jami'a ce, abin da na karanta shi ne sinadaran da ke cikin abinci da jikin mutum. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta taɓa tambayata, "To ke Dakta, in ba kya duba mara lafiya, me kike dubawa?" Na ce mata mai nake dubawa. Har Allah ya yi mata rasuwa tana zaton da fetur nake aiki.

A ido, mai mai ne kawai: na gyaɗa, manja, man shanu, kitsen rago. Amma kowannensu haɗi ne na ƙananan sinadarai iri-iri. Wasu jiki yana samar da su da kansa, wasu kuwa sai an ci a abinci. Akwai guda ɗaya da na fi daɗewa a kansa, wanda ƙwaƙwalwar jariri da idanunsa suke buƙata lokacin da suke girma. Jariri a nonon uwarsa yake samunsa, ita kuma uwar ta fi samunsa daga kifi.

Ina goyon ɗana na biyu tunanin ya zo mini. Duk littattafan da nake koyarwa da su, nonon matan wasu ƙasashe aka auna. Namu kuwa, da yake muna nesa da teku, an riga an yanke cewa sinadarin zai yi ƙaranci a jikinsu, ba tare da kowa ya zo ya duba ba. Na ce ni zan duba.

Wadda ta buɗe mini ƙofa ita ce Sista, babbar nas ɗin da ke kula da rigakafin yara a wani ƙaramin asibiti a Tarauni. Ta girme ni, doguwa ce mai murya, kuma matan unguwa suna tsoronta suna kuma son ta. Da na yi mata bayani ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Dakta, takardun izininki sun cika, na gani. Amma ba takarda ce za ta ba ki nono ba. Ki zo ranar rigakafi ki zauna a benci tare da su, ki zo da ɗanki."

Haka na yi. Na zauna cikin masu jego ina shayar da nawa, muna hira, kafin in fito da 'yan kwalabena. Yawancinsu dariya suka yi suka yarda. Sai wata kaka da ta rako jikarta mai jego ta ɗaga hannu.

"'Yar nan, tsaya. Wannan nonon da za ki tara, wa zai sha?"

"Ba wanda zai sha, Inna. A na'ura za a zuba."

"Kin tabbata? Kar a je a ba ɗan wani, shekara ashirin nan gaba ya zo neman auren 'yar jikata alhali ƙanwarsa ce ta shan nono, ba wanda ya sani."

Tambaya ce ta gaskiya, kuma ban shirya mata ba. Na ce, "Inna, na yi miki alkawari, ɗigo ɗaya ba zai shiga bakin kowa ba. Kuma ba zai bar hannuna ba." Ta dube ni, sannan ta ce wa jikar ta karɓi kwalbar. Daga ranar, duk wadda zan karɓi nata sai na yi mata wannan alkawarin.

Aikin ya ci shekaru. Na'urar da muke da ita a ɗakin gwaje-gwaje tsohuwa ce, tun ina ɗaliba na tarar da ita. Idan aka tace maiƙon aka zuba mata, sai ta riƙa zana layi a kan doguwar takarda, kowane sinadari da tudun da yake yi. Wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, a sake daga farko. Saboda haka kowace kwalba kashi biyu nake raba ta, in yi aiki da rabi, rabin in kulle a firiza, don kar a rasa gaba ɗaya. Mai taya ni ɗalibata ce, yarinya mai shiru-shiru da ke digiri na uku a ƙarƙashina, wadda ta fi ni haƙuri da na'urar.

Abin da muka gano ya faranta mini rai. Matan da ake daka busasshen kifi a miyarsu kusan kullum, ko kuka ce ko kuɓewa, nononsu yana ɗauke da sinadarin nan fiye da yadda littattafai suka zata. Ba kifi mai tsada ba, 'yan ƙananan nan da ake aunawa da gwangwani a kasuwa. Na rubuta maƙala, wata mujalla ta masana a ƙasar waje ta buga. Mutanen da ban taɓa gani ba suka fara ambaton aikin a rubuce-rubucensu. Sista kuma ta ɗauki maganar ta sa a cikin jawabin da take yi wa mata ranar awo da ranar rigakafi. In ta zo wurin sai ta ɗaga murya ta ce, "Ba ni na faɗa ba, an gwada! A nan Tarauni aka gwada!" Ɗaliban koyon aikin jinya da ke zuwa daga asibitin koyarwa suna ji suna rubutawa.

Sai aka gayyace ni wani taro na masana a ƙasar waje. Na gabatar da aikina, aka tafa. Can a gaba wani dattijon Bature mai farin gashi ya miƙe. Na san shi tun kafin ya faɗi ko shi wane ne, domin da littafinsa na koyi wannan fanni. Ya yaba wahalar da muka sha, cikin ladabi, sannan ya tambayi irin na'urar da na yi amfani da ita. Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya ce irin wannan tsohuwar na'ura takan haɗa sinadarai biyu masu kama da juna ta zana su tudu ɗaya. Ya ce mai yiwuwa abin da na auna, rabinsa ko fiye ba sinadarin da nake nema ba ne, wani ne dabam da ba ya yi wa jariri wannan amfanin.

Na yi gwaje-gwajen da ake yi don tabbatarwa, amma duk a kan na'urar da yake zargi na yi su. Na ce masa zan duba. Na koma kujerata, kuma ban ji komai daga jawabin wanda ya biyo bayana ba.

Na dawo gida da abin a ƙirjina. Maigidana malamin makarantar sakandare ne, mutum mai sanyin hali. Ya ga na zuba abinci na tasa shi a gaba ina juya cokali, ya tambayi abin da ya faru. Na kwashe labarin na faɗa masa.

"Ƙarya kika yi a takardar?" ya tambaya.

"A'a, Malam."

"Kin ɓoye wani abu?"

"Ban ɓoye komai ba."

"To abin da ya rage bincike ne, kuma shi ne sana'arki. Ci abincinki."

Na ci, amma maganarsa ba ta sauke mini nauyin ba. Ba sunana kawai nake ji ba, ko da yake shi ma ina jin sa. Labari ya riga ni isowa jami'a, wasu abokan aiki suka fara gaishe ni da irin muryar da ake gaida mara lafiya. Mujallar ta turo tana neman in kare aikin ko in janye shi. Amma abin da ya fi ci mini rai muryar Sista ce tana cewa an gwada, da matan da ke zaune a benci suna gyaɗa kai.

Na same ta bayan an tashi daga rigakafi, tana wanke hannu. Na ce mata akwai yiwuwar na'urata ta yi kuskure. Ta goge hannu da tawul a hankali.

"Kifin yana cutar da mai jego?"

"Ko kaɗan. Abinci ne mai kyau ko ba don wannan ba."

"To zan ci gaba da cewa su ci. Amma zan daina cewa an gwada, sai ranar da kika dawo kika ce mini in ci gaba." Ta rataye tawul ɗin. "Yanzu me za ki yi?"

Na riga na san abin da zan yi, tsoronsa nake ji. Rabin kowace kwalba yana nan a firiza. In ana son a raba gardama, sai a zuba shi a sabuwar na'ura wadda ba ta haɗa sinadaran biyu, kuma babu irinta a kusa da mu a lokacin. Na rubuta wa dattijon da kansa, na ce tunda shi ya yi shakka, shi ya kamata ya auna. Zan cire duk alamar da za ta nuna masa wace uwa ce mai cin kifi, wace ce ba ta ci, ya auna ido rufe, sannan mu gwama nasa da nawa. Ya amsa da wuri. Ya ce ya yarda, kuma ɗalibata ta zo da kayan ta zauna a ɗakin gwajinsa ta ga komai da idonta.

Sai dai akwai alkawarin da na yi wa matan cewa nonon ba zai bar hannuna ba. Wani abokin aiki ya ce kar in wahalar da kaina, wa zai sani? Na ce ni zan sani. Haka ni da Sista muka shiga bin gidaje, bayan ta tashi daga aiki, a adaidaita sahu, daga Tarauni zuwa Babban Giji zuwa Unguwa Uku.

Ban zaci wannan yawon zai yi mini daɗi ba, amma ya yi. Jariran da na bari a zani sun zama 'yan firamare, wasu sun dawo daga Islamiyya da jaka a wuya. Uwar takan kira yaro ta ce, "Zo ka gaida matar da ta ɗebi abincinka," yaro ya tsaya yana kallona cikin mamaki. Wasu sun tashi daga gidan haya, sai da muka yi ta tambaya. Wata mijinta ya ce bai yarda a kai nonon matarsa ƙasar Turawa ba. Na ce ya yi daidai da ya faɗa, na koma na ware kwalbarta. Wata kuma muka tarar ta rasu wajen haihuwa ta gaba. Muka yi wa 'yar'uwarta ta'aziyya, muka fito. Ita ma kwalbarta na ware, tunda babu mai ba ni izini.

Kakar nan mai tambaya tana nan da ranta, ta ƙara tsufa, idonta ya yi rauni. Jikar tata ta yarda nan take, amma ta ce sai na faɗa wa tsohuwa. Na durƙusa kusa da tabarmarta na yi bayani.

"Wato kin zo ki warware alkawari," in ji ta.

"Na zo neman izini ne, Inna. In kin ce a'a, yana nan inda yake."

"Shi Baturen, yana da jariri a gida?"

"Tsoho ne, ya yi jika."

Ta yi dariya har da tari. "To a kai masa. Amma ki gaya masa na ce ko ɗanɗanawa kar ya yi."

Ɗalibata ta tafi da kwalaben a cikin kula cike da ƙanƙara ta musamman, ta kira ni daga can ta ce sun isa a daskare. Daga nan sai jira. Aka ce akwai ayyuka a gabanmu a kan na'urar. Damina ta shigo, layinmu ya cika da ruwa kamar yadda ya saba, ta wuce, ba labari. Ina shiga aji ina koyarwa, in na zo babin da ya shafi aikina sai in bi ta kansa da sauri. Na zauna na rubuta takardar janye maƙalar, na gyara ta tsaf na ajiye, don in ranar ta zo sai dai kawai in aika. Ɗalibata takan kira ta ce an fara, an yi nisa, amma ba a ba ta damar ganin jimillar ba sai an gama, kuma ita ma ba ta tafi da takardar da ke nuna kwalbar wace ce ba. Da aka gama aunawa, dattijon ya turo mini nasa sakamakon a rufe, ni kuma na tura masa nawa tare da bayanin kwalaben. Muka yi yarjejeniya shi zai fara gwamawa.

Ina kasuwar Tarauni da hantsi, ranar Asabar, ina cinikin tattasai, wayata ta yi ƙara. Ɗalibata ce. Yarinyar da ba ta ɗaga murya, sai na ji tana ihu.

"Malama! Malama, kina jina? Sun yi daidai!"

"Me ya yi daidai? Yi a hankali."

"Naki da nasa. Ɗaya sinadarin da yake zargi yana nan, amma ɗan kaɗan ne, bai canza komai ba. Masu cin kifi su ne a sama, kamar yadda kika rubuta. Ga shi nan kusa da ni, yana son magana da ke."

Na ji muryar dattijon. Ya ce ya maimaita aunawar don ya tabbata, kuma aikina ya tsaya da ƙafarsa. Ya ce a gaban jama'a ya yi shakka, don haka a gaban jama'a zai faɗi abin da ya gani. Na yi masa godiya, ban san ma da wane irin Turanci na yi ta ba.

Da na kashe wayar sai hawaye ya zubo mini. Mai tattasan ya ga haka, ya ture buhu ya miƙo mini bencinsa. "Hajiya, lafiya? Rasuwa aka yi?" Na ce lafiya lau, alheri ne. Na zauna a nan cikin hayaniyar kasuwa, hawaye yana zuba ina dariya, ina maimaita alhamdulillahi. Sai a lokacin na gane cewa na daɗe ban ja numfashi ya kai ƙasan ƙirjina ba. Na tashi na tafi gida, na bar tattasan da na riga na saya a kan tebur, sai washegari mutumin ya tuna mini.

Maigidana yana zaune a tsakar gida yana gyaran rediyo. Ya kalli fuskata ya ajiye abin da ke hannunsa. Na wuce ɗaki na yi sujadar godiya, na daɗe goshina a ƙasa. Da na fito ya ce, "Ai na faɗa miki." Na ce, "Malam, ba ka faɗa ba. Cewa ka yi in ci abinci." Ya ce duk ɗaya ne. Rannan na ci tuwo na ƙara, na kwanta bayan azahar na yi barcin da sai da aka tashe ni sallar la'asar.

Ranar Litinin na je wajen Sista. Layin mata ya kai har waje, tana tsakiyar allura. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Sista, ki ci gaba da faɗa." Ba ta ɗago ba sai da ta cire allurar ta danna auduga. Sannan ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Alhamdulillahi. Kin rame, Dakta. Zo ki riƙe mini ƙafar wannan, yana harbi." Na ajiye jakata na riƙe.

Dattijon ya cika alkawari. Muka rubuta maƙala ta biyu tare, da sunan ɗalibata a gaba, kuma ita ce ta fi ta farko yawo a duniya. Masu bincike daga wasu ƙasashen da su ma ba su da teku suka riƙa rubuto mini suna tambayar yadda muka yi, wasu suka turo ɗalibansu. Da taimakonsa muka sami sabuwar na'ura. Na zama farfesa, na yaye ɗalibai da dama, kuma da na yi ritaya ɗalibar tawa ce ta karɓi ɗakin gwajin. Yanzu man suya take bincike a kai, wanda ake maimaita soya awara da ƙosai da shi har ya yi baƙi.

Shekarar da aka kafa sabuwar na'urar, dattijon ya zo Kano ya gani. Na gayyace shi gida, na yi masa tuwon shinkafa da miyar kuka wadda aka daka wa kifi. Ya ce da hannu zai ci kamar kowa. Maigidana ya tura masa yaji yana cewa kaɗan ake sawa, shi kuwa ya zuba cokali guda, ya yi jawur, gumi yana ɗiga daga gashinsa, amma bai tsaya ba sai da ya share kwanon. Da zai tafi ya roƙi a saya masa kifin ya kai wa matarsa. Muka cika masa leda muka naɗe da jarida. Bayan ya isa ya kira ni yana dariya, ya ce karen da ke shinshina kaya a filin jirgin ƙasarsu ya zauna a kan akwatinsa ya ƙi tashi, kuma an karɓe kifin gaba ɗaya.